Masu Aikin Sa Kai A Karkarar Kano: Yabon Gwani Ya Zama Dole

A ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan-inna. An yi jawabai, an yaba wa shugabanni da likitoci da attajiran da suka zuba dukiyarsu, kuma babu mai musun cewa sun cancanci yabon. Amma duk wanda yake zaune a ƙauyukan Bichi ko Dambatta ko Makoɗa ko Kunchi ko Tsanyawa ya san wadda ta ɗauki aikin a ka. Ita ce matar nan mai rataye da akwatin ƙanƙara, da alli a hannunta, wadda take bin gida gida tana sallama, wani wuri a ba ta tabarma, wani wuri kuma a ce ta koma inda ta fito.

A wannan mako muna so mu tsaya a kan waɗannan bayin Allah da ire-irensu, wato masu ɗiga wa yara rigakafi, da mata masu wayar da kan jama'a, da masu raba maganin zazzaɓi da damina, da 'yan kwamitin lafiya na mazaɓu, da 'yan agaji na ƙungiyoyi dabam dabam. Abin da ya sa muka ɗauko maganar yanzu shi ne, tun daga farkon 2025 kuɗin tallafi da yake zuwa daga ƙasashen waje ya ja baya ƙwarai, kuma in aka yi sake, mutanen da suka tsare mana lafiyar 'ya'yanmu shekara da shekaru za su ajiye aikin ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya lura ba, sai ranar da annoba ta shigo gari.

Yadda ƙasar take

Sai mutum ya san yadda ƙasarmu take kafin ya gane nauyin aikin. Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma, har ma wani masani ɗan Ingila mai suna Michael Mortimore ya shafe shekaru tun daga 1960 da wani abu yana nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke cin abinci daga ƙasa ɗaya ba tare da ta mutu ba. A nan ba a barin gona ta huta. Ana zuba mata taki kowace shekara, a shuka gero da dawa da gyaɗa da wake a kunya ɗaya, kuma kowane taku na ƙasa yana da mai shi. Gidaje da yawa ba a cikin gari suke ba, a warwatse suke tsakanin gonaki.

Wannan tsari yana da abu biyu a cikinsa game da lafiya. Na farko, inda jama'a suka yi yawa, suna shan rijiya ɗaya suna cin kasuwa ɗaya, cuta ba ta wahalar yaɗuwa. Na biyu, ba za ka buga ƙararrawa ka tara yaran mazaɓa a wuri ɗaya ba, dole sai an bi su har gida, ta burtali da tsakanin gonaki, inda mota ba ta shiga. Bugu da ƙari, a yawancin gidajen maƙwabtanmu namiji baƙo ba ya wuce zaure. Saboda haka nauyin ya faɗa a kan mata. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma babu mazaɓar da aikin ya taɓa yiwuwa a cikinta ba tare da mata sun shiga lungu da saƙo ba.

Taimakon juna ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kakanninmu sun san aikin gayya, da shi ake noma gonar mara lafiya, da shi ake yaɓe ɗaki a gyara hanya. Masu bi kuma suna da nasu tarihin. Tun a ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi kula da masu fama da kuturta a Yadakunya, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido a Kano, wanda yanzu yake hannun ECWA. Sunayen Turawan mishan sun shiga littattafai, amma 'yan ƙasa da suka riƙa wanke gyambo suna raba ƙwayoyi a ƙauyuka, kaɗan ne aka rubuta sunayensu. Haka aka yi a yaƙi da kurkunu. Binciken da aka yi a 1988 zuwa 1989 ya gano mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da cutar a Nijeriya. 'Yan sa kai na ƙauyuka ne suka raba ƙyallen tace ruwa, suka tsare bakin tafkuna, suka riƙa kai rahoto, yayin da Janar Yakubu Gowon yake zaga ƙasa tare da Cibiyar Carter yana ƙarfafa su. An ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan a 2008, aka kuma tabbatar mana da rabuwa da shi a 2013.

Abin da shan-inna ta koya mana

Yaƙi da shan-inna ya fi kowanne wuya a Kano, kuma akwai dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin magani na Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara a Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin, 11 sun mutu, waɗansu kuma sun nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da jita-jita ta bazu a 2003 cewa ɗigon rigakafin yana hana haihuwa, ta tarar da zukatan da suke a shirye su gaskata. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga ƙasar Indonesiya. A sanadin haka cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, kuma a 2006 kaɗai yara 1,122 ta kama a Nijeriya.

Gwamnati tana iya ɗage takunkumi da sa hannu ɗaya, amma ba ta iya sa uwa ta miƙo jaririnta. Wannan aiki ne na shekaru. A 2009 sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka kafa kwamiti a kan lafiya, abin da ya sa hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shigo ciki. A 2012 asusun UNICEF ya fara ɗaukar mata daga cikin unguwanninsu domin wayar da kai, har yawansu ya kai dubbai. Aikinsu shi ne su san kowace mai ciki da kowane jariri a unguwarsu, su halarci suna, su raka mata awo, su koma gidan da aka ƙi karɓar rigakafi sau biyu sau uku har a yarda. A wannan shekarar ce kuma gidauniyar Bill Gates da ta Alhaji Aliko Ɗangote suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Kano a kan rigakafin yau da kullum. Matan ƙungiyar FOMWAN sun shiga gidaje, waɗanda cutar ta riga ta nakasa su ma, irin su Malam Aminu Ahmad Tudun Wada da ƙungiyarsa, sun fito a kan kekunansu suna ce wa iyaye su dube su su yi wa 'ya'yansu gata. Gani ya kori ji.

Sakamakon ya fito fili. A 2012 yara 122 cutar ta kama a Nijeriya, fiye da rabin na duniya baki ɗaya. A 2013 suka koma 53, a 2014 suka koma 6. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Jihar Kano, a ƙaramar hukumar Sumaila ne, a watan Yuli na 2014. Na ƙarshe a ƙasar kuwa a Borno aka same su a 2016.

An biya wannan nasara da jini. A ranar Jumma'a, 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka buɗe wuta a ƙananan asibitoci biyu a Unguwa Uku da Hotoro cikin birnin Kano, suka kashe aƙalla mata 9 masu aikin rigakafi. Bayan an yi zaman makoki, abokan aikinsu suka sake ɗaukar akwatunan ƙanƙara suka fita. A Borno kuma, a ranar 1 ga Maris, 2018, aka sace ma'aikatan jinya uku a Rann. Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, unguwar zoma ne masu aiki da Red Cross ta duniya, an kashe su a cikin wannan shekarar. Ta ukun, Alice Loksha, sai a 2024 ta kuɓuta. Biyu Musulmi, ɗaya Kirista, aiki ɗaya ya kai su can. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 19 ga Agusta na kowace shekara domin tunawa da ma'aikatan agaji, da 5 ga Disamba domin masu aikin sa kai, amma a ƙauyukanmu ranakun nan sukan zo su wuce ba wanda ya sani.

Abin da suke fama da shi

Matsala ta farko ita ce lokaci. Alal misali, maganin kare ƙananan yara daga zazzaɓin cizon sauro, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, ana raba shi ne sau ɗaya a wata a tsawon watannin damina, ga yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Wato daidai lokacin noman fari da maimai, lokacin da yini ɗaya a gona ya fi mako guda na rani daraja. Wanda ya bar gonarsa kwana huɗu a kowane wata yana yawo da magani, ko dai ciyawa ta cinye masa gero, ko ya biya ɗan ƙwadago. Ma'aikacin ofis da yake tsara jadawalin a birni ba lallai ne ya lissafa wannan ba.

Ta biyu ita ce alawus. Abin da ake ba su ba albashi ba ne, ɗan kuɗin mota ne da na ruwa, kuma kukan da muke ji daga bakinsu a kullum shi ne ba ya zuwa a kan kari. Wata za ta gama zagaye, ta jira makonni, ta hau acaɓa zuwa inda ake cire kuɗi ta tarar babu komai. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Kuɗin mota ya ninka, kwanon hatsi ya ninka. Ma'aikacin gwamnati ya sami ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma mai aikin sa kai ba ya cikin wannan lissafi, ba shi da fansho, ba shi da ƙungiyar ƙwadago da za ta yi magana a madadinsa.

Ta uku ita ce fushin jama'a, wanda yakan sauka a kan wanda ba shi ya jawo shi ba. Uba yakan ce, ɗana ya kwana uku da zazzaɓi, na je asibitin sha-ka-tafi babu ko ƙwaya ɗaya, ga rijiyar burtsatse ta lalace shekara biyu, amma ga ku nan kullum da ɗigo kyauta. Tambayarsa tana da ma'ana, sai dai matar da take tsaye a ƙofar gidansa ba ita ce take riƙe da kasafin kuɗi ba. A 2014, da aka riƙa kafa sansanonin lafiya a unguwannin Kano ana duba marasa lafiya ana ba da magunguna tare da ɗigon, mutane da yawa da suke ƙi sun kawo 'ya'yansu da kansu. Darasin a bayyane yake.

Ta huɗu ita ce tsaro. Ƙauyukanmu da suke iyaka da Katsina, musamman a Shanono da Tsanyawa, sun ga hare-haren 'yan bindiga a ƙarshen 2025. Matar da ake so ta bi daji da ƙafa zuwa ruga ko gidan gona tana da 'ya'ya ita ma, kuma mijinta yana da ikon tambaya ko wa zai tsare ta.

Ta biyar kuwa ita ce janyewar masu ba da tallafi. A ranar 20 ga Janairu, 2025, Shugaba Donald Trump na Amurka ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, a tsakiyar shekarar kuma aka rufe hukumar USAID wadda ta daɗe tana biyan kuɗin ayyukan lafiya da yawa a ƙasar nan. Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 domin cike giɓin, kuma wannan abin a yaba ne. Amma kowa ya san in kuɗi ya yi ƙaranci a ƙungiya, na ƙasa ake fara sallama, kuma babu wanda ya fi ɗan sa kai na ƙauye zama a ƙasa.

Gaskiya ɗaya ce, ba duka ne suka riƙe amana ba. An kama waɗanda suke shafa wa yaro tawada a yatsa ba tare da sun ɗiga masa komai ba, da waɗanda suke cike takarda a gindin bishiya, har ta kai an riƙa ba tawagogi wayoyin da suke nuna inda suka taka. An kuma ga inda ɗan siyasa ya cusa sunayen 'yan'uwansa aka bar waɗanda suka iya aikin. Irin wannan ha'inci yana jawo mutuwar yara, bai kamata a rufe shi ba. Amma da yawancinsu haka suke, da 1,122 ba ta koma sifiri ba.

Akwai masu cewa in aka fara biyan 'yan sa kai, ruhun gayya zai mutu, kowa ya koma jiran kuɗi. Muna ganin sun manta yadda gayya take. Mai gayya yakan dafa tuwo ya dama fura, aikin na yini ɗaya ne, kuma gobe in taka ta taso shi ma zai zo da fartanyarsa. Ba a taɓa yin gayyar da mutum ɗaya zai yi ta yi wa gari aiki shekara goma, da yunwa, ba wanda ya taɓa taka gonarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin da ta fitar a 2018, ta ce a riƙa biyan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma daidai da nauyin aikinsu.

Abin da za mu rasa

Kada wani ya ce ai an gama yaƙin. Asalin ƙwayar shan-inna tana nan a Pakistan da Afganistan. A nan gida kuma akwai wani nau'i da yakan ɓullo inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, domin raunanniyar ƙwayar da take cikin ɗigon tana iya yawo a tsakanin yaran da ba a yi wa ba har ta sake yin ƙarfi. An sami irin wannan a Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara a 2024, kuma maganinsa shi ne a kai ga kowane yaro. Sannan ga mashaƙo, cutar da allurar jarirai take karewa, wadda ta ɓarke a Kano tun daga Disambar 2022. Jiharmu ce ta fi kowace yawan waɗanda suka kamu, kuma akasarinsu yara ne da ba a kammala musu allura ba. Mashaƙo ya nuna mana abin da yake faruwa a gidan da babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarsa.

Ina mafita?

Ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, roƙonmu shi ne a sa alawus ɗin waɗannan mutane cikin kasafin kuɗi na dindindin, a biya shi kai tsaye ga mai shi cikin ƙayyadadden lokaci, a daina jingina shi ga baƙi. Shirin CHIPS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 an yi shi ne domin tattara irin waɗannan ma'aikata a inuwa ɗaya, to a ba waɗanda suka daɗe suna aikin fifiko. Yarinyar da ta yi shekara biyar tana zagaye, in tana da takardar sakandare, ta cancanci gurbi a makarantar koyon aikin lafiya. Iyalan matan da aka kashe a 2013 kuma sun cancanci a riƙa tunawa da su kowace 8 ga Fabrairu.

Ga iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku ne kuka buɗe ƙofofin da suke rufe, muna roƙo kada ku gaji. Ku sa ido a kan yadda ake zaɓen masu aikin, ku kuma haɗa su da 'yan rakiya a wuraren da ake jin tsoro.

Mu kuma 'yan'uwa a cikin ikkilisiya, akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. Kowace majami'a ta san 'yan sa kai na ƙauyenta, ko masu bi ne ko Musulmi, domin yaranmu duka suke yi wa hidima. Matasa su sa ranar gayya a gonar wanda yake raba magani da damina. Zumuntar mata ta riƙa tambayar katin allura a duk gidan da aka yi haihuwa, ta kuma raka amarya awon farko. Dattawa su ba da minti biyar bayan sujada domin a sanar da ranar zagaye, a kuma buɗe harabar majami'a ga tawagar da take neman inuwa da ruwan sha. A lokacin godiyar kaka, a ware ɗan damin hatsi a kai musu har gida da sunan ikkilisiya. Wanda kuma ya ji ana yaɗa ƙarya a kan rigakafi, a kasuwa ko a waya, kada ya tura ta gaba, ya je ya tambayi ma'aikacin lafiya.

Yaron da aka haifa a Kano bayan Yulin 2014 bai san fargabar da iyayensa suka sha ba duk lokacin da zazzaɓi ya kama jariri, ana ta taɓa ƙafarsa a ga ko tana motsi. Yana gudu a filin makaranta, bai san sunan matar da ta ɗiga masa magani ba. Mu da muka sani, bashi ne a kanmu mu gaya masa, mu kuma tabbatar wadda za ta zo wa ƙannensa ba ta ajiye akwatinta saboda yunwa ba. Allah ya saka musu da alheri, ya tsare fitarsu da komowarsu. Amin.